Asalin Jarumi da Shirin Ayari: Lacca a Kan Wasan Dungeons & Dragons



 Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ga ya dace a ba wasa fili a zauren da aka saba tattauna manyan al'amura.

Wasan da zan yi magana a kai da baki ake yin sa, a gewaye da tebur. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa da takarda da fensir, a tsakiyarsu ga dayis irin na lido, sai dai waɗannan akwai mai fuska 4, da mai 8, da mai 12, babban cikinsu kuma mai fuska 20. Ɗaya daga cikin mutanen shi ne alƙalin wasa. Duniyar labarin a hannunsa take: ya san abin da ke bayan kowace ƙofa, shi ke magana da bakin sarki da na ɗan kasuwa da na dodo. Sauran kuwa kowa ya ɗauki jarumi guda ya shiga rigarsa. Sai alƙali ya ce, "Kun iso bakin gada, rana ta kusa faɗuwa, ga mutum uku da masu sun tare hanya. Me za ku yi?" Wannan ya ce zai zare takobi, waccan ta ce a'a, bari ta fara yi musu magana. Duk abin da zai iya yiwuwa kuma zai iya ɓaci, dayis ake jefawa ya raba gardama. Ku ɗauka tatsuniya ce, amma kaka ta riƙe daji da dodo kaɗai, ta sakar wa jikoki Gizo da Ƙoƙi, kowa yana faɗin abin da nasa zai yi, ita kanta ba ta san inda za a ƙare ba.

Abu biyu ne ke cin lokacin masu wannan wasa. Ɗaya tarihin jarumi: wane ne shi, ɗan wa, me ya raba shi da gida. Ɗayan kuma shirin ayari: wa zai shiga gaba, wa zai tsare baya, ta wace ƙofa za a bi, yaushe za a ja da baya. An saba yin na farkon a ɗaki, kowa shi kaɗai, na biyun kuma a tebur cikin gardama. Abin da na zo in faɗa muku yau shi ne waɗannan biyun aiki ɗaya ne, a zama ɗaya ya kamata a yi su, kuma yawancin ayarin da ke watsewa tun ba a yi nisa ba, daga raba su ɗin nan ne ɓarakar ke farawa.

Kafin in kafa hujja, bari mu ga inda wasan ya fito, don rigimar tun daga tushe take.

A shekarar 1824 wani hafsan soja na ƙasar Furushiya, wadda daga baya ta narke cikin Jamus, mai suna Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyan sojoji wasan koyon yaƙi a kan taswira. Ɓangare biyu suna ba da umarni, ga alƙali a tsakani yana faɗin abin da ya auku. Daga barikin soja abin ya fito ya zama nishaɗin farar hula, har marubucin nan na Ingila H. G. Wells ya wallafa nasa dokokin a 1913. A duk waɗannan wasanni runduna mutum ke riƙewa. Sojan da ke cikinta ba shi da suna, balle uwa.

Sai a wajajen 1969, a jihar Minesota ta Amurka, wani matashi David Wesely ya gwada wani abu dabam. Ya ƙago wani garin Jamus mai suna Braunstein, ya ba kowane ɗan wasa mutum ɗaya tak: wannan magajin gari, wannan mai banki, wancan shugaban jami'a, kowa da burin da yake ɓoyewa. Maimakon su jira a fara yaƙi, sai 'yan wasan suka watsu lungu-lungu suna ƙulla yarjejeniya da juna. Shi Wesely ya ɗauka wasan ya lalace, su kuwa suka ce a sake. Cikinsu akwai Dave Arneson, wanda ya ɗauki wannan salo ya kai shi wata duniyar ƙage mai suna Blackmoor, ya tura jarumai cikin kurkukun ƙarƙashin wata fada, yana aro daga dokokin Chainmail da Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar a 1971. Arneson ya kai wa Gygax wasan a garinsu Lake Geneva da ke jihar Wiskonsin, suka haɗa kai, a farkon 1974 kamfanin TSR ya fitar da Dungeons & Dragons: ƙananan littattafai uku a cikin kwali, kwafi 1,000, kowanne dala 10.

Kun ga ke nan wasan jini biyu gare shi. Akwai jinin hafsan soja mai son runduna ta yi nasara, akwai jinin magajin garin Braunstein mai burin kansa. Har gobe waɗannan biyun suna ja-in-ja a kowane tebur.

A shekarun farko jinin sojan ne ya rinjaya. Ba wanda ke rubuta tarihin jarumi, kuma da dalili. Za ka jefa dayis uku masu fuska 6 sau shida, a jere, su ba ka ƙarfinsa, da basirarsa, da hikimarsa, da juriyarsa, da zafin namansa, da kwarjininsa. Abin da ya fito shi ne rabonka. Sana'a uku ce kawai: mayaƙi, mai sihiri, da malamin ibada mai warkarwa, ɓarawo sai a 1975 aka ƙara shi. Mai sihiri sabon shiga laƙani ɗaya yake da shi a yini, kibiya ɗaya kuma tana iya gamawa da shi. Wa zai ɓata dare yana tsara asalin mutumin da wataƙila ba zai wuce ɗaki na biyu ba? Hankali duk yana kan shiri. Yawancin makin ci gaba daga dukiyar da aka fito da ita ake samun sa, saboda haka ayarin da ya kwaso zinariya ba tare da ya zare takobi ba shi ne gwani. Ana ƙirga jiniya nawa ta rage, ana ɗaukar 'yan dako da alfadarai, ana tafe da gora mai tsawon ƙafa 10 ana dungurin ƙasa saboda ramin tarko. Mutum ɗaya yana zana taswira, wani kuma an naɗa shi madugu, shi kaɗai ke isar wa alƙali abin da ayari ya yanke. Duk jinkirin da aka yi a ƙarƙashin ƙasa, alƙali yana jefa dayis ya ga ko wani dodo mai yawo ya ci karo da su.

Akwai wani labari daga wancan zamani da nake so kowane ɗan wasa ya sani. A 1987, a fitowa ta 127 ta mujallar Dragon, edita Roger Moore ya ba da labarin wani alƙalin wasa mai suna Tucker da ya sani lokacin yana aikin soja. Tucker ya cika hawan farko na kurkukunsa da wasu ƙananan halittu da ake kira kobol, waɗanda a littafi su ne mafi rauni, sara ɗaya ke kashe su. Amma sai ya ba su dabara. Suna kulle ƙofa bayan jarumai sun shige, su cinna wuta a lungu, su yi ta harbi ta 'yan ƙananan tagogi, su ɓace cikin ramukan da babban mutum ba ya iya shiga. Jarumai manya, waɗanda suka saba karawa da aljanu a can ƙasa, da gudu suke ratsa hawan nan, suna zubar da kaya da 'yan dako. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in dai yawan yana da shiri.

Dokokin yau sun sassauta, jarumi ba ya mutuwa da wuri, amma lissafin haɗin kai yana nan, kuma ina so ku gan shi da alƙaluma. A bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, in jarumi zai yi abu mai matsakaicin wuya, ana so dayis mai fuska 20 tare da ƙarin gwanintarsa su kai 15. A ce ƙarinsa 5 ne: yana buƙatar 10 ko sama, damarsa kashi 55 cikin 100 ke nan. To amma in ɗan'uwansa ya bar nasa aikin ya kama masa, doka ta ba shi ya jefa sau biyu ya ɗauki mafi girma, sai damar ta haura zuwa kusan kashi 80. Haka kuma a fagen fama: dodon da ya rage masa numfashi ɗaya yana duka daidai da lafiyayye, don haka mutum huɗu su taru su kayar da abokin gaba ɗaya ya fi kowa ya kama nasa ana ta yanka-yanka ba wanda ya faɗi.

Ga kuma lissafin da ke kashe dogon shiri. A ce ayari ya tsara shiga fada ta mataki biyar: a haura katanga, a sanya wa kare magani, a buɗe kwaɗo, a yaudari mai gadi, a fice ta magudanar ruwa. A ce kowane mataki damar nasararsa kashi 70 ce, wadda ba laifi. In kun ninka su, damar a wuce duka biyar lami lafiya ba ta kai kashi 17 ba. Wato ayarin da ya shafe awa biyu yana gardama a kan mataki na biyar, yana gardama ne a kan wurin da mai yiwuwa ba zai taɓa isa ba ta hanyar da ya zana. Masu ƙirƙirar wasanni sun lura da wannan. John Harper, a wasansa Blades in the Dark na 2017, inda 'yan wasa ke zama gungun ɓarayi a wani birni mai duhu, ya yanke dogon shirin gaba ɗaya. Ayari zai zaɓi salo ɗaya cikin shida, ko farmaki ko yaudara ko saɗaɗawa da sauransu, ya faɗi abu guda, kamar ta inda za a shiga, a jefa dayis, sai kawai a tsinci kai a tsakiyar aiki. In an ci karo da mai gadi, ɗan wasa yana iya yin waiwaye ya ce, "Ai jiya na same shi a mashaya na ba shi toshiyar baki," ya biya farashin wannan waiwaye da gajiyar jaruminsa.

To in shirin mataki-mataki ba ya ɗorewa, me ke ɗorewa? Sanin juna. Lokacin da kare ya yi haushi, shiri ya rushe, abin da ya rage wa ayari shi ne kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai yi: wane ba zai gudu ya bar wance ba, wance ba za ta taɓa kashe wanda ya miƙa wuya ba, wane in ya ga wuta jikinsa mutuwa yake yi. Wannan sanin kuwa daga tarihin jarumai yake fitowa, in an rubuta shi yadda ya kamata.

Tarihin jarumi a hankali ya shigo. Wasan Traveller na Marc Miller, wanda ya fito a 1977, ya sa ana jefa dayis a bi rayuwar jarumi shekara huɗu-huɗu a aikin soja ko fatauci kafin a fara wasa, har yana iya mutuwa tun a wurin ƙirƙirarsa. Shi Dungeons & Dragons sai a bugu na biyar ya ba abin gurbi sosai a takardar jarumi: halinsa, aƙidar da yake tsaye a kai, abin da ya ɗaure shi da wani mutum ko wani wuri, da kuma aibinsa. Daga 2015 kuma, da wasu ƙwararrun masu sanya murya a finafinai suka fara nuna wasansu kai tsaye a intanet da sunan Critical Role, Matthew Mercer yana alƙalanci, sai miliyoyin mutane suka ga yadda tarihin jarumi ke zama ƙashin bayan labari. A 2019 masoyansu suka tara musu sama da dala miliyan 11 don a mayar da labarin zanen katun. Wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3, da kamfanin Larian na Beljiyam ya fitar a 2023, shi ma abokan tafiya masu nauyin tarihi ne suka ɗaga shi.

Abin farin ciki ne, amma ya zo da nasa ciwon. Yanzu sabon ɗan wasa yakan iso tebur da shafi goma. A ciki jaruminsa ya riga ya kashe sarakuna, ya kori runduna shi kaɗai, alhali a takarda yana matakin farko, ɓera babba yana iya kayar da shi. Labarinsa mafi daɗi ya riga ya wuce, a wurin da sauran 'yan wasa ba su halarta ba. Wani kuma, kuma wannan ya fi yawa, maraya zai kawo: an ƙone garinsu, an kashe kowa nasa, ba ya yarda da kowa, ba ya magana, yana zaune a lungu ya rufe fuska. In mutum huɗu suka kawo irin wannan, alƙali zai sami baƙi huɗu da ba abin da ya haɗa su, ba mai dalilin ya raba guzurinsa da wani. Daga nan ake jin maganar da ta fi kowace ɓata zumunci a wannan wasa. Ɓarawo ya sace kuɗin ayari, ko mayaƙi ya afka wa sarkin da ake lallashi, in an yi magana ya ce, "Ai haka halin jarumina yake." Gaskiya ne haka halinsa yake. Amma wa ya ba shi halin? Kai ne, kai kaɗai a ɗakinka, ba ka tambayi waɗanda za su yi wata shida suna tafiya da shi ba.

Mu Hausawa muna da kyakkyawan misalin asalin jarumi a adabinmu. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, me ya fitar da Alhaji Imam daga gida? An wulakanta mutumin da ya riƙe shi a gaban fada saboda ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki, shi kuwa ya ɗau alwashin sai ya samo shi. Shi ke nan. Jimla biyu, amma a cikinsu akwai rauni, akwai buri, akwai mutanen da ke raye suna jiran dawowarsa, kuma duk abin mamakin yana gaba, ba a baya ba. Bambancin kawai shi ne jaruman littattafanmu, daga Gandoki har zuwa littattafan yaƙi da matasa ke karantawa a yau, galibi su kaɗai ke ɗauke da labari. A tebur kuwa jarumai huɗu ne, ba wanda ya zo rakiya.

Ko shi maraicin ba shi ne laifi ba. A Critical Role akwai jarumi Percy, wanda aka hallaka danginsa aka ƙwace garinsu Whitestone. Abin da ya sa tarihinsa ya yi aiki shi ne waɗanda suka yi kisan suna raye, garin yana nan ana iya zuwa, ƙanwarsa ma ashe ba ta mutu ba, kuma ayarin gaba ɗaya ya sami dalilin tafiya can. Matattu ba abin da alƙali zai yi da su. Rayayyu yake nema: mai bin ka bashi, wanda ka ci amanarsa, wadda ka yi wa alkawari.

Maganin da masu wasa suka gano shi ne zaman share fage, zama guda da ba a jefa dayis na faɗa a cikinsa, har kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan tun 1997, ya shigar da shi littafinsa na 2020. Ba a fafe gora ranar tafiya. A wannan zama ake yarda a kan irin labarin da ake so, da abin da ba a so a gani a tebur, da yadda za a raba ganima. Ƙananan wasanni sun riga shi nisa a nan. A Fate Core na 2013, kowa zai rubuta wani abu da ya taɓa faruwa da jaruminsa a kati, ya miƙa wa na kusa da shi, shi kuma ya rubuta yadda nasa jarumin ya shigo cikin lamarin, a sake miƙawa. Kafin a tashi, kowa ya ratsa rayuwar mutum biyu. A Dungeon World na 2012 kuwa, takardar jarumi tana zuwa da jimloli masu gurbi, sai ka cike da sunan jarumin wani da ke zaune tare da kai.

Bari in nuna muku yadda abin ke kasancewa, da jarumai na misali.

A ce alƙali ya buɗe zama da cewa: birni ne mai ganuwa, waziri ya ƙwace mulki, akwai wani tsohon malami a tsare a gidan yari. Ɗan wasa na farko ya ce jaruminsa Jatau ne, tsohon dogari. Alƙali ya tambaye shi, "Me ya raba ka da aikin?" Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Daren da aka ce mu ƙone unguwar marina na jefar da rigar na gudu." "Wa ka bari a can?" "Ƙanena. Har yanzu yana gadin ƙofar yamma." Ta kusa da shi, wadda tun farko mai warkarwa take so ta zama, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Jarumata Kande 'yar unguwar marina ce. Kuma ba ta san Jatau yana cikin dogaran da suka zo daren ba." Na uku ya ce ɓarawonsa Tanko ya taɓa faɗowa daga soro, Kande ce ta yi jinyarsa wata guda ba ta karɓi ko anini ba, bai kuma iya zama da bashi. Ta huɗu ta ce malamin da ke tsare shi ya koya wa jarumarta Lami duk abin da ta sani, kuma ita ce ta yi sakacin da aka kama shi.

Minti goma sha biyar ke nan, ba a cika rabin shafi ba. Yanzu ku saurari shirin shiga birni. Tanko ya ce ƙofar yamma ta fi sauƙi, masu gadi biyu ne kawai. Jatau ya ce ya san lokacin da suke canjin aiki, ya san kalmar da ake faɗa a buɗe, amma kowa ya ji: ba za a zare makami a ƙofar nan ba, ko me zai faru. Lami tana gaggawa, ta ce gobe da asuba za a fitar da malaminta, ba ta da lokacin lallashi. Kande ta ce in ta unguwar marina za a bi, akwai gidajen da za su ɓoye su, sai dai ba ta gane dalilin da ya sa Jatau ke ƙin bin ta can ba. Duk wanda ke tebur ya san dalilin, jarumarta ce kawai ba ta sani ba, kuma kowa yana jiran ranar da za ta sani.

Ku duba abin da tarihin ya yi. Ya ba ayari makami: kalmar sirri, mafaka, sanin lokacin gadi. Ya kuma ɗaure masa hannu: ƙofar da ba a faɗa a cikinta, unguwar da mutum ɗaya ba ya son shiga, agogon da ke matsa wa wata. Shirin da ya fito daga nan gajere ne, don iyakokinsa a fili suke. In kuma ya rushe, a ce ƙanen Jatau ya gane shi ya ɗaga murya, ba sai an tsaya shawara ba. An san Jatau zai tsaya ya yi magana, an san Tanko zai ja Kande ya fitar da ita ko da ransa, an san Lami za ta wuce gaba ita kaɗai in ba a riƙe ta ba. Wannan ya fi rabon aikin da bugu na huɗu na wasan ya tsara a 2008, mai tsarewa da mai sara da mai jagora da mai dagula abokan gaba, ko da yake shi ma yana da amfaninsa a fagen fama.

Ku lura da sirrin Jatau. A ganina sirri tsakanin jarumai abu ne mai kyau, sirri tsakanin 'yan wasa kuwa hatsari ne. In mai riƙe da Kande ta san gaskiya tun farko kuma ta yarda, ranar tonon asiri za ta zama ranar da ba za su manta ba. In kuwa ɓoye mata aka yi, ta ji an shammace ta, fushin zai tsallake takarda ya kama mutum. Saɓani a cikin ayari ba abin gudu ba ne. Waɗanda suka karanta The Lord of the Rings na Tolkien ko suka kalli fim ɗinsa na 2001 sun san Boromir, wanda son ceton ƙasarsa Gondor ya kai shi ga neman ƙwace zoben da Frodo ke ɗauke da shi, ayarin mutum tara ya tarwatse. Ba don shi ba da labarin ya rasa wani babban gishiri. Sai dai Tolkien shi kaɗai ke riƙe da alƙalami, ba wanda zai ɓata wa rai. A tebur, mai son ya zama Boromir sai ya nemi izinin mai riƙe da Frodo.

Na san akwai iyaye a nan da wata tambaya ke ci musu rai, game da dayis da kuma sihirin da ke cikin labarin. Ba kuɗi ake zubawa ba, ba mai ci ba wanda ake ci. Dayis ɗin raba gardama kawai yake yi. Sihirin kuwa na cikin labari ne, irin wanda ke cikin littattafan da na ambata, kuma ayari yana da ikon ya gina duniyarsa yadda ba za ta ci karo da tarbiyyarsa ba, a zaman share fagen nan ake yanke hakan. A Amurka ma an yi wannan fargaba a shekarun 1980, har kamfanin TSR ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. Hukunci na malamai ne, ni dai na bayyana yadda abin yake. Shawarata ga uba ko uwa ita ce su zauna su saurari zama ɗaya.

Saura nauyin da ke kan alƙalin wasa, kuma a nan zan ɗan matsa, don ƙannena da yawa da ke nan su za su riƙe wannan kujera. Ɗan wasan da ya ba ka ƙane mai gadin ƙofa amana ya ba ka. Hanya mafi sauƙi ta girgiza tebur ita ce ka kashe yaron nan a zama na uku, kuma alƙalai da yawa haka suke yi: duk uwar da aka ambata sai an sace ta, duk garin da aka ambata sai an ƙone shi. Su ne suka koya wa 'yan wasa kawo marayu, don wanda aka yi wa haka sau biyu ba zai sake rubuta ɗan'uwa a takardarsa ba. Ka bar ƙanen Jatau da rai. Ka sa a yi masa ƙarin girma ya zama shugaban masu gadi, ko ya yi aure a gidan waziri, ko ya aiko da saƙo yana neman taimako a daidai lokacin da ayari ya nufi wani wuri dabam. Ka ajiye ɗan littafi, kowane jarumi da shafinsa, ka riƙa duba wanda aka daɗe ba a taɓo tarihinsa ba, musamman na ɗan wasan nan mai kunya da ba ya katse kowa. In an yi zama uku a kan malamin Lami, na huɗu ka sa wani tsohon abokin satar Tanko ya tare su a kasuwa, ya kira shi da sunan da ba wanda ya san shi da shi a cikin ayarin.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.